Tsohon memorin kyamara da kwamfutar zamani: tambayoyi da amsoshi

Ina da shagon buga takardu da wanke hoto a ƙasar Ringim, kuma ranar Lahadi, idan 'yan kasuwar Gujungu suna dawowa, ba na rasa mai tsayawa da ɗan kati a ƙulle a leda ko a bakin zane. Kyamarar da Alhaji ya sayo a Makka wajen 2006 ce aka tsinta a ƙasan akwati, ko kuwa jakar wani mai hoto da ya rasu ce aka buɗe wajen rabon gado. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a nan. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga farko shi ne, yawancin katunan nan lafiyarsu ƙalau, kuma hotunan da ake asara ana asararsu ne a ranar da aka fito da katin, a hannun mai gaggawa.

Malam, katin ya fi shekara goma sha biyar a ajiye. Anya akwai saura a ciki?

Sau da yawa akwai. Memori ba ya buƙatar batir kafin ya riƙe abin da aka zuba masa. Kowane hoto yana zaune ne a matsayin ɗan cajin lantarki da aka kulle a cikin miliyoyin ƙananan ɗakuna. Cajin yana tsiyayewa a hankali da tafiyar shekaru, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Katin da ya kwana cikin adaka a ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi wanda ya sha bazara a aljihun mota ko a saman sif ƙarƙashin kwano samun rangwame. Wani abin daɗi kuma, da yawa daga cikin katunan farko-farko, masu megabait 16 ko 64 ko 128, ɗakunansu manya ne kuma abu ɗaya tak kowanne yake riƙewa, shi ya sa suke jure ajiya fiye da wasu masu arha na yanzu. Amma jurewa ba dawwama ba ce. Tunda Allah ya sa katin ya fito, a kwashe hotunan a wannan makon.

Ta yaya zan gane wane irin kati ne a hannuna?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, don daga nan ake sanin abin da za a saya. Dubi rubutun jikin katin, sannan dubi sunan kyamarar.

Idan katin ya yi girman kan sarki na wasiƙa, kusurwa ɗaya a yanke, da haƙora tara masu ruwan zinare a baya da ɗan makulli a gefe, SD ne. SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da shi a 1999, kuma shi ne ya rayu har yau, don haka ka huta. Akwai ɗan'uwansa MMC na 1997, wanda ya ɗan fi shi siranta kuma ba shi da makulli. Masu tsohuwar Nokia 6600 sun san shi. Yana shiga ramin SD kuma yawancin na'urori suna karanta shi.

Idan mai kauri ne, kusan murabba'i, ba haƙora a waje sai jerin ƙananan ramuka hamsin a gindi, CompactFlash ne, wanda SanDisk ya ƙirƙiro a 1994. Manyan kyamarorin Canon da Nikon, irin na masu ɗaukar hawan Sallah da bukukuwa, da shi suka yi aiki shekara da shekaru. A cikin danginsa akwai Microdrive na IBM, wanda a zahiri ɗan ƙaramin faifai ne mai juyawa a ciki. In ka ga wannan suna a jikin kati, kada ka bari ya faɗi ƙasa.

Idan kyamarar Sony ce, ta kafin 2010, kusan tabbas Memory Stick ne. Na asali, na 1998, dogo ne siriri, galibi shuɗi mai ɗaukar ruwan hoda, kuma bai wuce megabait 128 ba. Daga baya aka yi PRO a 2003, akwai kuma gajerun da ake rubuta wa Duo da PRO Duo, waɗanda su ne na fi gani.

Olympus da Fujifilm su ne masu ba da wahala. Tsofaffinsu sun yi amfani da SmartMedia na Toshiba, na 1995, kati mai faɗi, siriri ƙwarai har yana lanƙwasuwa, da faffaɗan tambari mai ruwan zinare a fuska. Shi ma iyakarsa megabait 128. A 2002 kamfanonin biyu suka koma xD, ɗan ƙaramin kati mai gefe ɗaya a lanƙwashe, wanda ya tsaya a giga 2 kafin a daina yayinsa. Waɗannan biyun ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa kansu a ciki, na'urar da aka sa su ce take yin duk aikin. Wannan ne ya sa wata na'urar ta karanta, wata ta ƙi, alhali katin ɗaya ne.

Laftof ɗina ba shi da ramin kati ko ɗaya. Me zan saya, kuma a ina?

Kadrida za ka saya, wato na'urar karanta kati, mai shiga ta USB. Idan SD ne ko microSD, wato ɗan memorin da ake sa wa waya, ƙaramar nan da ake samu wajen masu kayan waya a kowace kasuwa ta isa. Ga sauran kuwa sai mai ramuka da yawa, kuma a nan ake yaudarar mutane. Za a rubuta a kwali cewa tana karanta kati iri hamsin, ka je gida ka tarar ramuka huɗu ne kuma babu naka. Kada ka dubi adadin, dubi sunayen da aka rubuta a bakin kowane rami: CF na CompactFlash, MS na Memory Stick, xD, da SM na SmartMedia. Mai CF da MS da xD ba ta da wuyar samu a Kano, a Farm Centre ko titin Beirut. Mai ramin SmartMedia ita ce ta yi ƙaranci, don an daɗe da daina yin ta da yawa, sai dai a tsofaffin kaya ko wajen masu sitidiyon da suka daɗe a sana'a. Wasu tsofaffin injinan wanke hoto da firintoci ma suna da ramukan a jikinsu.

Tafi da katin, a zura a gabanka ka ga ya zauna daidai kafin ka biya. Ka kuma duba bakin kwamfutarka tun daga gida. Sababbin laftof da yawa USB-C kawai suke da shi, ƙaramin bakin nan mai shiga ta kowace fuska, don haka ko dai ka sayi kadrida mai irin wannan baki, ko ka haɗa da adafta.

Abu biyu game da sakawa. Duo da PRO Duo ba a tura su ramin doguwar Memory Stick sai da adaftarsu, in ba haka ba su shige ciki su maƙale. CompactFlash kuma allurai hamsin ne suke jiransa a cikin ramin, kowace siririya. In ka ji ya cije, tsaya, zare, juya, haska tocila ka duba. Allura ɗaya ta lanƙwashe ta taɓa 'yar'uwarta, tana iya lalata kadridar har ta shafi katin.

Ni waya kawai gare ni, ba kwamfuta. Ba yadda za a yi?

Akwai. Yawancin wayoyin Android suna karɓar kadrida ta bakin caji idan an haɗa da 'yar adaftar OTG. A wasu wayoyin sai ka shiga Settings ka kunna OTG da kanka, kuma yakan kashe kansa in an jima ba a yi amfani da shi ba. Da ya kama, buɗe manhajar fayil ta wayar, za ka ga katin, ka kwafe. iPhone 15 zuwa sama bakinsu USB-C ne, waɗanda suka gabace su kuma suna da tasu kadridar ta daban. Ka cika wayar da caji kafin ka fara, domin ita ce take ciyar da kadridar. Idan kuma wayar ta ce katin yana da matsala, ta nemi ta gyara shi ko ta shirya shi don amfani, fomat take nufi, wato share katin. Ka ƙi.

Na sa katin, kwamfuta ta ce sai na yi masa fomat kafin ya buɗe. In danna?

A'a. Danna Cancel, ka cire hannunka daga linzamin.

Wannan saƙo shi ne ya fi cinye hotunan mutane a duk abin da na gani a sana'ar nan. Mutum yana ganin kwamfuta ta ba shi umarni, yana ɗauka sharaɗi ne na buɗewa, sai ya bi. Abin da kwamfutar take cewa a zahiri shi ne, ta ga akwai kati amma ba ta gane jadawalin da ke farkonsa ba, wanda yake nuna inda kowane hoto ya fara da inda ya ƙare. Dalilin yana iya zama datti a haƙora, ko kadrida marar kyau, ko an taɓa zare katin kyamara tana tsakiyar rubutu, ko batir ya mutu a daidai lokacin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nufin hotunan sun tafi.

Ga yadda nake yi. Da farko, tun kafin in sa katin SD a kowace na'ura, ina tura makullin gefensa ƙasa, wajen da aka rubuta Lock. Makullin ba ya haɗe da komai a cikin katin, kadrida ce take taɓa shi ta gane an hana rubutu, amma kusan duk mai kyau tana girmama shi. Doguwar Memory Stick ma tana da nata a baya. CompactFlash da xD ba su da shi, sai dai kulawar mai aiki. Idan saƙon ya fito, sai in cire, in goge haƙoran, in gwada wani bakin USB, in gwada wata kadrida, in gwada wata kwamfuta. Idan kyamarar tana raye in mayar mata da katinta, don sau tari ita tana gane abin da ta rubuta da kanta. Sai duk wannan ya faskara nake komawa ga manhajar ceto, wadda zan yi bayaninta a ƙasa.

Akwai wani saƙon mai kama da shi, inda Windows take cewa a bar ta ta duba katin ta gyara. Shi ma a ƙi shi har sai an gama kwafa. Gyaran nata rubutu ne a kan jadawalin, kuma in ta rikice takan tattara gutsattsarin hotuna ta zuba a wata folda mai suna FOUND.000, da sunayen da ba sa buɗewa. Aikin da zai ɗauki minti goma sai ya koma na yini.

Ga masu SmartMedia da xD akwai ƙarin dalili: fomat a kwamfuta yakan sa kyamarar ta daina karɓar katin gaba ɗaya.

Na sa, shiru. Ko ƙara ba ta yi ba.

Fara da datti. Ƙurar hunturu da gumi da man gyaɗar hannu suna taruwa su yi dusashe a kan haƙora. Ɗauki kilinar fensir mai laushi ka goga a hankali, ko auduga da ɗigon sipirit, ka bari ya bushe sarai. Ban da yawu, ban da kananzir, ban da kankarewa da reza ko allura. Ramukan CompactFlash kuma hurawa kawai ake yi, ba a cusa musu komai.

Idan katin yana da tsabta kuma har yanzu shiru, danna maɓallin dama na linzamin a kan alamar Start ka buɗe Disk Management. Wani lokaci katin yana nan a jere, harafi ne kawai Windows ba ta ba shi ba, sai ka ba shi E ko F da kanka. Dubi girman da aka nuna. In katin giga 1 ne kuma an nuna kusan haka, labari mai daɗi ne ko da bai buɗe ba, domin manhajar ceto za ta iya shiga. In an nuna sifili, ko an ce babu komai a ramin, a kadrida biyu ko uku daban-daban, to ƙwaƙwalwar katin ce ta sami matsala.

Tsufan kadrida ma yana jawo haka. SD kashi-kashi ne: na asali har giga 2, SDHC na 2006 har giga 32, SDXC na 2009 daga nan zuwa sama. Sabuwar kadrida tana karanta tsohon kati, amma tsohuwa ba ta san sabo ba. Haka Memory Stick PRO yake da kadridar da ta riga shi fitowa. SmartMedia kuma akwai mai bolt 5 na farko-farko da mai bolt 3.3, kuma yawancin kadridojin da suka rage na biyun kaɗai suke ɗauka.

Kyamarar tana nan. Ba zan iya haɗa ta da kwamfuta kai tsaye ba?

Za ka iya, kuma ga xD da SmartMedia da tsohuwar Memory Stick wannan hanyar takan fi sauƙi a ƙauye. Matsalar kebul ce da batir. Canon da yawa suna amfani da mini-USB, mai ɗan faɗi fiye da bakin cajin tsofaffin Android, kuma ana samunsa. Sony da Olympus da Nikon ƙanana kuwa sukan zo da nasu baki na musamman, sai a nemi kebul ɗin a cikin kwalin da kyamarar ta zo.

Idan mai batir AA ce, batirin rediyo na arha ba zai ɗauke ta ba, za ta kunna ta mutu. Nemi alkalin ko mai caji. Idan batirin lithiyum ne kuma ya kumbura, kada a yi masa caji, kada a danna shi ciki da ƙarfi. Kada kuma a fara kwafa da batir mai rabi. Sannan a ja kunnen yara: kar a ɗauki sabon hoto ko ɗaya da katin a ciki don gwaji.

Katin ya buɗe amma ban ga hotuna ba, sai foldoji.

Shiga foldar da aka rubuta wa DCIM. Tun 1998 masu ƙera kyamara a Japan suka amince a kan wannan tsari. A ciki za ka ga folda kamar 100CANON, ko 100OLYMP, ko 100_FUJI, ko 100MSDCF ta Sony. Kwafi dukan katin, har foldojin da ba ka gane ba, saboda bidiyo yakan zauna a wani wuri daban. Wasu kyamarorin Sony da Panasonic suna ɓoye shi cikin PRIVATE, can ƙasa a wata folda mai suna STREAM. Copy za ka yi, ba Cut ba, don in an ɗauke wuta a tsakiya kada ka rasa nan ka rasa can. A laftof mai batir ake wannan aiki, ba a kwamfutar tebur da ke kan janareta ba.

An kai katin wani shago, ya dawo duk foldojin sun zama masu 'yar kibiya, ba sa buɗewa.

Bairos ɗin shotkot ne, wanda ya cika kwamfutocin shagunan tura waƙa da fim. Ba ya share hotuna, ɓoye su yake yi ya ajiye na bogi a madadinsu. Kada ka danna masu kibiyar, dannawa ce take sa ya shiga kwamfutarka. Kulle katin, ka shiga saitin foldoji na Windows ka sa ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda take karewa, za ka ga DCIM ta gaske ta bayyana a dusashe. Kwafe ta. Wanda ya iya rubuta umarni zai iya dawo da su fili da attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin katin, amma bayan an kwafa, kuma sai an buɗe makullin.

An riga an yi fomat, ko an goge. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Gogewa da fomat na gaggawa jadawalin kawai suke taɓawa. Kamar malami ne ya yaga rajista: ɗalibai suna nan zaune a aji, sunayensu ne babu a takarda, kuma suna nan har sai an kawo wasu sun zauna a kujerunsu. Don haka abu mafi muhimmanci shi ne a daina amfani da katin nan take. Katin da aka yi wa fomat aka ajiye, kusan komai yakan dawo. Wanda yaro ya ɗauka ya cika da waƙoƙi da finafinai, abin da sabon kaya ya hau kai ya tafi har abada, sai dai a ceci wanda bai kai gare shi ba. Haka in an cire alamar Quick Format a Windows, ko an zaɓi fomat mai zurfi a kyamara, wannan yana bin katin ya shafe.

Manhajar da na fi yarda da ita PhotoRec ce, ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, tana zuwa tare da wata manhajar mai suna TestDisk kuma kyauta ce. Ba ta kula da jadawali, tana bin katin daga farko har ƙarshe tana neman alamar da kowane hoton JPEG yake farawa da ita. Sunayen asali ba sa dawowa, za ka tarar da lambobi a folda mai suna recup_dir, amma hotunan su ne. Recuva ma tana da ta kyauta kuma ta fi sauƙin sarrafawa ga sabon shiga. Doka ɗaya ce ba a karyawa: abin da aka ceto a kwamfuta ake zuba shi, ba a kan katin da ake ceto ba.

Idan katin yana ɗaukewa yana dawowa, ko yana zafi, kada a wahalar da shi da bincike sau uku sau huɗu. A ɗauki kwafin jikinsa gaba ɗaya zuwa fayil guda, TestDisk tana yin haka, sannan a yi ta bincike a kan kwafin. A kuma yi hattara da manhajojin intanet masu nuna maka hotunanka sannan su ce sai ka biya dala. A gwada na kyauta tukuna.

Wasu hotunan rabi ne, ƙasansu toka-toka. Wasu kuma ba sa buɗewa.

Mai rabin toka wani ɓangarensa ne ya lalace ko aka hau kansa. Sake kwafa da wata kadrida, wani lokaci karatun ne ya karkace ba hoton ba. In ya sake fitowa haka, ajiye shi a yadda yake. Fuskar mahaifiya ko da rabin hoto ce tana da daraja.

Waɗanda sunansu ya ƙare da CR2 ko NEF ko ORF ko RAF ba lalacewa suka yi ba, ɗanyun hotuna ne na ƙwararru, kuma akwai manhajojin kyauta masu mayar da su JPEG. Bidiyon AVI da MOV da MTS kuma manhajar VLC tana buɗe kusan dukkansu.

Kwanan watan da ke kan hotunan ba daidai ba ne. Yaya zan san shekarar?

Kyamara tana rubuta kwanan wata a cikin kowane hoto, ana gani a Properties. Sai dai mutanenmu da yawa ba su taɓa saita agogon ba, ko batir ya ƙare ya koma 1 ga Janairu na shekarar da aka ƙera ta. Lambobin hotunan dai suna nan a jere, don haka ka san na gaba da na baya. Sauran a cikin hoton ake nema. Daga 2005 zuwa 2010 Babbar Sallah tana faɗowa ne tsakanin Nuwamba da Janairu, shi ya sa za ka ga hazo a filin idi da yara cikin rigar sanyi a ƙarƙashin sabon ɗinki. Kalandar bango, fastar zaɓen 2007 ko 2011, jaririn da ke goye wanda yanzu ya gama sakandare, duk shaida ne. Ka kai wa Inna ko Gwaggo wayar su duba. Su ne za su ce wannan sunan wane ne, shekarar da aka yi fari ko shekarar da wance ta tare. Rubuta abin da suka faɗa a sunan foldar tun suna raye.

Ruwa ya ci ɗakin, katin ya kwana a laka. Ko kuma ya tsage.

Bayan ambaliyar 2022 an kawo mini irin waɗannan daga garuruwan bakin kogi. Ruwa kaɗai bai cika kashe memori ba, sa masa wuta yana jiƙe ne yake kashe shi. Ɗauraye lakar da ruwa mai tsabta, goge, shanya a inuwa inda iska take kaɗawa na 'yan kwanaki. Ban da rana tsaka, ban da bakin murhu. CompactFlash ya fi jimawa kafin ya bushe saboda ramukansa.

Idan robar SD ce ta tsage, abin da ke ciki yakan tsira, kuma mai gyaran waya mai natsuwa zai iya mayar da shi cikin kwanson wani katin. Amma microSD da ya tsage a tsakiya, jikinsa duka shi ne memorin, babu abin da za a yi. Akwai ƙwararrun da suke ciro guntun memorin su karanta shi da na'ura ta musamman, aikin yana da tsada kuma sai a manyan birane.

Malam, ni mace ce. Hotunan bikina ne, har da na lalle da na cikin ɗaki. Zan iya aiko da katin a bar shi a shago?

Hajiya, ban ba ki shawarar haka ba, ko da shagona ne. Ki zo da kanki, ko ki aiko ɗanki ko ƙaninki da kika yarda da shi, ya zauna a yi aikin a gabansa. Ya zo da filash ɗinku, a zuba kai tsaye a ciki. Ba sai an buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ba, ganin adadinsu da girmansu ya isa a san an kwafa. In dole sai an sauke a kwamfutar shago, ya tsaya har a goge, a kuma share Recycle Bin. Mafi alheri ma ki sayi kadrida da OTG ki yi a wayarki a ɗakinki, ko 'yarki ta yi miki.

Akwai abin da ya kamata kowa ya sani game da manhajar ceto: ba ta bambance hoton da ya ɓace bisa kuskure da wanda mai shi ya goge da gangan. Duk tana dawo da su. Idan katin mamaci ne, magada su san da aikin, kuma wanda ya fi kusa da shi ya fara dubawa shi kaɗai. Jakar mai hoto kuwa matan gari guda ne a ciki, amana ce a wuyan wanda ya gada da wanda ya buɗe. Kuma duk mai sayar da kyamara ko kyautar da ita, ya cire katin ya riƙe.

An kwashe lafiya. Ina zan ajiye su?

A wuri fiye da ɗaya, kuma ɗaya ya kasance ba a gidanka ba. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa. Asusun Google yana ba da giga 15 kyauta, katin giga 2 cike ma bai ci kashi ɗaya cikin bakwai ba, masu megabait 128 kuwa datar kwana ɗaya ta ishe su. Rubuta lambar sirrin a takarda ka ba wani na jiki. Idan za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura a matsayin Document, don turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta rage masa kyau, kuma hotunan da dama can ƙanana ne.

Filash na jabu ya yi yawa. Za a rubuta giga 64, cikinsa bai kai takwas ba, yana karɓar kaya kamar gaske yana hawa kan na farko. Manhajar H2testw tana tona asirinsa kafin ka ba shi amana. Zaɓi hotuna goma ko ashirin da suka fi muhimmanci a wanke su a takarda, domin dattawan gida a hannu suke son gani. Tsohon katin kuma kada a goge shi. A sa a ambulan, a rubuta na wane ne da shekara, a ajiye a gwangwani mai murfi nesa da zafi da damshi.

Ina so in ci gaba da amfani da kyamarar, amma ta ƙi sabon katin da na saya.

Girmansa ne ya fi ƙarfinta. Kyamarar da aka yi kafin 2006 galibi ba ta wuce SD mai giga 2 ba, wasu ma giga 1 ko ƙasa da haka. Wadda ta san SDHC tana tsayawa a giga 32. Dubi tambarin da ke bakin murfin katin ko littafin kyamarar. SD mai giga 2 ya yi wuya yanzu, amma microSD mai giga 2 daga tsohuwar waya, a cikin adaftar SD, yakan yi aiki. Kwashe abin da ke cikinsa tukuna, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamarar da kanta, ba a kwamfuta ba. Wasu ƙananan Olympus na ƙarshen zamanin xD suna zuwa da adaftar microSD a kwalinsu, a duba kafin a yar da kwalin.